Tsuyako Mai Shanya

Tsuyako ba 'yar Kamiori ba ce. Daga bakin teku aka kawo ta, 'yar masu busar da kifi, ta auri Tomeji ma'aikacin gidan waya, wanda gidansu ke jikin namu. Ni Hatsuno a Kamiori aka haife ni, a nan na yi aure, saboda haka na san yadda muke karɓar matar da ta zo daga waje. Ba ma zaginta. Amarya kawai muke ce mata, har ta yi furfura, kuma in an zauna taro wurinta yana can bakin ƙofa inda iska ke shigowa.

Uwar mijinta, Okei, ita ce ta fi kowa iya wannan aiki. Ranar da Tsuyako ta fara ɗora tukunya a gidan, ina jin muryarta ta kan shinge.

"Amarya, ƙara wanke hannun nan kafin ki taɓa shinkafa. Ƙarnin teku ba ya fita da wanki ɗaya."

"To, Inna."

Ban taɓa jin ta mayar da abin da ya wuce wannan ba. Da aiki take ramawa. Kwarinmu wuri ne mai laima. In damina ta zauna, takalmin da ka ajiye yau jibi ya yi gemu. Da zarar ruwa ya ɗauke, zafi ya buɗe, kowane gida sai ya fito da kayansa a sha iska: kimono, wato dogayen rigunanmu na gargajiya, da littattafai a inuwa, katifu da takalma da duk abin da fumfuna ta kama a rana. Kowa na yi, amma ba wanda ke yi kamar Tsuyako. Ta taso tana juya kifi a kan asabari, ta san cewa abin da aka shanya ba a barinsa ya kwana a gefe ɗaya. Tana bin rana da kayanta daga wannan kusurwar baranda zuwa waccan. Matan garin da ke ce mata amarya, su ne kuma ke turo 'ya'yansu mata su leƙa yadda take yi. Abin da take nema bai da yawa: wata rana a ce "Tsuyako tamu".

Abu ɗaya ne a gidan ba ta taɓawa, shi ne kyamarar Tomeji. Ya sayo ta hannu na biyu lokacin da ya yi zaman birnin Nagoya, ƙarama, baƙa da ruwan azurfa, irin wadda ake sa wa fim ta ƙasa. Tana cikin jakar fata a saman kantar ɗaki, kusa da allunan da ke ɗauke da sunayen kakanni, kuma na rantse ya fi yi mata ladabi a kan su. Ita kaɗai ce kyamara a garin.

Shekarar da aka gama maganar dam, aka sanar da mu cewa kafin hunturu kowa ya tashi, ruwa zai haɗiye kwarin. Dattawa suka yanke cewa a bikin matattu na tsakiyar bazara, lokacin da 'yan birni ke dawowa gida, za a tara kowa a matakalar ɗakin bauta a ɗauki hoto ɗaya. Ba a taɓa yin haka ba, kuma ba za a sake ba. Wani ya ce a kira mai hoto daga cikin babban garin da ke kusa da mu. Tomeji ya miƙe.

"Baƙo zai ɗauki Kamiori ina raye? Ya san wa zai zauna a ina? Ku bar mini."

Aka bar masa.

Ana cikin kwanakin shanya na shiga gidansu aron faifan gora da zan baza 'ya'yan itacen ume da muke jiƙawa a gishiri. Na tarar da Tomeji a baranda ya ɗaga kyamarar yana leƙen idonta, fuskarsa kamar an yi masa mutuwa. Okei na zaune daga ciki tana fifita.

"Ke! Zo ki ga aikinki."

Tsuyako ta zo tana goge hannu. A cikin gilashin akwai wani abu fari-fari kamar saƙar gizo-gizo.

"Fumfuna ce," in ji shi. "A gidan da ake cewa ko ƙura ba ta kwana. Kin wuni kina shanya tsummokara, abin da ya fi komai daraja a gidan kin bar shi yana ruɓewa."

"Ai kai ka ce kada in taɓa, maigida."

"Ji ta da baki. Gobe in rana ta take, ki cire marfin, ki sa idon ya kalli rana sosai. Rana ce maganinta, haka ake yi a birni."

"Ni zan taɓa?"

"A'a, kare zai taɓa. Ni ina wurin aiki."

Okei ta ce daga ciki, "Ka yi mata bayani da kyau, ɗana. Su can kifi kaɗai suka sani."

Washegari na gan ta da idona. Ta shimfiɗa farin ƙyalle, ta naɗe tawul ta tokare kyamarar don idon ya fuskanci sama daidai. In rana ta gusa, sai ta bar wanki ta zo ta juya ta. Da malalaciya ce, da ta ajiye ta ta manta, rana ta wuce abinta. Ita kuwa bin ta ta yi har la'asar. Da yamma Tomeji ya duba gilashin, ya ce da sauƙi, ya mayar da marfi, ya rufe jaka. Ko sannu bai ce mata ba, amma ta faɗa mini cewa a daren ya ƙara shinkafa, kuma ta ɗauki hakan a matsayin godiya.

Ranar biki garin ya cika har ana kwana a rumbuna. Waɗanda suka tafi Osaka da Nagoya sun dawo da 'ya'yansu. An goyo tsofaffin da suka daɗe ba su fita ba. Tomeji ya kafa kyamarar a kan ƙafafunta uku a gaban matakala, ya cire marfi, sannan aka fara abin da muka fi iyawa, wato rigimar wurin zama.

"Gidanmu ne ya ba da itacen ƙofar nan, kakana ba zai zauna a bayan masu gawayi ba."

"Itacen da ya sato daga dajinmu?"

"Ku matso da Kaka tsakiya, ba ta gani."

"In ba ta gani, ina ruwanta da tsakiya?"

Gonzo mai gawayi, wanda tun safe ya fara shan giya, yana ta ihu daga sama: "Tomeji, ka ɗauka mana, kafin ruwan ya iso!" Aka yi ta dariya, wasu matan na share ido. Rana na dukan kowa. An daɗe ƙwarai kafin a daidaita: mai kula da ɗakin bauta da dagaci da tsofaffi a tsakiya, 'yan asalin gari kewaye da su, matan da aka auro daga waje a can gefe, kusan cikin ciyawa. Tomeji ya ɗauka, ya ce a sake, ya gyara wa wani wuyan riga, ya sake, ya ba yara lokaci su daina kuka, ya sake. Da ya ga ya isa ya ba ɗan dagaci ya danna, shi ma ya ruga ya shiga.

Bayan biki 'yan birni suka koma. Aka fara kwance rufin ɗakin bauta. Tsofaffi biyu suka mutu kafin kaka, kamar sun ƙi ganin tashin. Sai a lokacin Tomeji ya sami sukunin kai fim ɗin cikin gari a wanke.

Na ga hotunan. Kowanne da farin tabo a tsakiya, kamar an ɗiga narkakken ƙarfe. A hoton taron tabon ya cinye dagaci, da mai ɗakin bauta, da duk tsofaffin, da Okei, ya bazu sama da ƙasa. Ni kunnena ɗaya da kafaɗa suka tsira. Waɗanda suka fito tas su ne na gefe: matan waje, da wani kare. Tsuyako tana can ƙarshen hagu, fuskarta sarai, har tana murmushi, abin da ba ta cika yi ba.

Mai gyaran kyamara na cikin gari ya kwance idon ya nuna wa Tomeji. Irin wannan kyamara, daga gilashi sai wani ɗan labule na baƙin ƙyalle, siriri kamar fatar albasa, shi ke tsare fim daga haske har a danna. Gilashin kuwa tara rana yake yi wuri ɗaya, kamar yadda yara ke ƙona takarda da tabarau. Rana ta huda labulen ramuka a jere, ko'ina aka juya ta sabon rami. Duk tsawon lokacin da muke faɗa a kan wurin zama, haske yana tsiyaya ta ramukan yana cin fim ɗin. Da yake ta ƙasa ake sa fim, Tomeji bai taɓa ganin labulen ba. Mutumin ya sa sabo, cikin mako guda kyamara ta koma kamar ba abin da ya same ta.

Aka kira taro a makaranta, don ita kaɗai ta rage da rufi mai ɗaukar jama'a. Hoton yana yawo hannu zuwa hannu. Wata mata da aka cinye fuskar ubanta, wanda aka binne kwanan nan, ta fashe da kuka. Dagaci ya ce, "Tomeji, muna jin ka."

Ya durƙusa, ya sa goshi a ƙasa.

"Ku gafarce ni. Matata ce ta shanya ta a rana. Ba ta san abin da take yi ba. Laifina ne da ban killace ta ba."

Ba ƙarya a cikin abin da ya faɗa. Rabin ya faɗa. Na miƙe daga inda nake.

"Tomeji, ba kai ka sa ta ba? Ina wurin. Inna Okei ma tana wurin."

Okei ko juyowa ba ta yi ba. "Ni ban ji ba. Kunnena ya tsufa."

Dagaci ya ce, "Hatsuno, zauna. Maganar cikin gidan wani ce." Mijina ya ja ni ta ɗamara. Daga can bayan ɗakin wani ya ce, ba da ƙarfi ba amma kowa ya ji, "Ta ƙone kowa ta bar kanta." Tsuyako tana bakin ƙofa. Ta sunkuya har ƙasa, ta daɗe ba ta ɗago ba.

Da yamma ta same ni a bakin rafi ina wanke tukwane.

"Yaya Hatsuno, na gode. Amma kada ki ƙara."

"Don me? Gaskiya ce."

"Daga bakinki, za su ce ƙawance ne. Daga nawa, za su ce amarya ta tona wa mijinta asiri. Sai ta fito daga bakinsa za ta yi amfani. Zai faɗa. Kunya ce ta kama shi a gaban mutane. Bari abin ya lafa."

"In bai faɗa ba fa?"

"Zai faɗa."

Tun daga ranar ta zama Mai Shanya. Aka kwashe mu zuwa sababbin gidaje a gefen babban garin, jere kamar akwatunan ashana, sunan ya hau mota ya bi ta. 'Yarta Norie ta sha shi a makaranta, da ta girma ta tafi Osaka, ba ta cika waiwayowa ba. Mutanen Kamiori suka kafa ƙungiya, duk shekara a lokacin bikin matattu a haɗu a bakin dam, inda aka mayar da kaburburanmu, a yi addu'a, a ci, a sha. Tsuyako ba ta taɓa fashi ba. Ita ke dafa mafi yawan abincin, ita ke zagayawa da tulun giya. Tomeji ya sayi sabuwar kyamara mai labulen ƙarfe, ya zama mai hoton ƙungiya.

Shekarun farko ba a taɓo zancen. Da ciwon ya fara sanyi, wata shekara Gonzo ya ce, "Mai Shanya, bana me kika shanya mana?" Aka yi dariya. Tomeji ya ga an yi dariya, sai ya karɓe. Ya ba da labarin yadda ya dawo daga aiki ya tarar da kyamararsa kwance tsakanin takalma da katifa "kamar kifin gishiri", yana kwaikwayon yadda take juya ta. Mutane suka riƙe ciki. Shekara mai zuwa suka nemi ya sake. Haka abin ya zama al'ada, kamar kunna turare. Duk shekara labarin na ƙara ado, kuma duk shekara maganar da ya yi a baranda ba ta ciki.

Okei ta kwanta ciwo shekaru. Tsuyako ce ke juya ta, ke wanke ta, ke ba ta kunu a baki. Na san abin da Tsuyako take jira, don tsofaffinmu kan sauke abin da ke ransu in sun ga mutuwa ta matso. Ranar ƙarshe tsohuwar ta kamo hannunta ta jawo ta kusa. Tsuyako ta kai kunne.

"Amarya. Kimono na mai ruwan toka. Kada ki sa shi a rana."

Shi ke nan abin da ta samu daga wannan gefen.

Tomeji ya kai tsufa, sannan hanta ta kama shi. Likita ya ce ba zai ga wata bazarar ba bayan wannan. A lokacin ne Tsuyako ta tambaye shi, sau ɗaya tak a duk zamansu. Ita ta ba ni labari, tana kwaikwayon muryarsa.

"Maigida, bana ka faɗa musu."

"In faɗa musu me?"

"Ka san me."

"Ke, har yanzu kina nan? Abin da ya wuce tun muna da haƙora?"

"Ina nan."

Ta ce ya daɗe yana kallon rufi, sannan ya ce, "To. Na ji."

Ranar taron ta sa kimono ɗin da ta zo da shi daga gidansu, ta je aka gyara mata gashi. Ban taɓa ganin ta haka ba. Bayan addu'a aka shimfiɗa tabarmi, Tomeji ya miƙe da sanda, ya rame har rigar na lilo a jikinsa. Kowa ya san wannan ce ta ƙarshe.

"'Yan'uwa," in ji shi, "akwai wata magana da na daɗe ina riƙe da ita. Game da hoton nan."

Ya tsaya. Ya kalli inda Tsuyako take. Ita ta ajiye tulun, ta haɗa hannuwa a cinya. Na yi imani har yau cewa ya yi niyya. Sai Gonzo, wanda ya tsufa bai yi hankali ba, ya ga shirun ya yi nauyi, ya ɗaga ƙoƙo.

"Haba Tomeji, kada ka sa mu kuka! Ba mu ta shanya!"

Wasu suka tafa. "Ta shanya! Ta shanya!" Tomeji ya dubi fuskokin nan da suka shekara suna yi masa dariya. Ya yi ɗan murmushi. Ya jingina sandar, ya lanƙwasa baya, ya fara juya kyamarar da babu ita a hannunsa. Bai taɓa ba da labarin da daɗi kamar ranar ba. Har hawaye mutane suka yi.

Tsuyako ta jira aka gama tafi, ta ɗauki tulun ta ci gaba da zubawa. Da ta zo kaina ta cika mini ƙoƙo kamar kowa. Tomeji ya mutu da hunturu. Ta yi masa duk abin da ake yi wa miji.

Ta ci gaba da zuwa taron wasu shekaru, ban san don me ba. Jama'a na raguwa. Aka daina shimfiɗa tabarmi a bakin dam, aka koma wani gidan abinci mai kujeru saboda gwiwoyinmu. Yawancin masu zuwa 'ya'ya ne da jikoki da ke turo iyayensu a keke. A irin wannan zama ne, ba tare da ta gaya mini ba, ta dafa tebur ta miƙe.

"Ina da magana. Kyamarar nan, shi ya sa ni in shanya ta. Ya ce in cire marfin in sa ta kalli rana. Hatsuno ta ji. Uwarsa ma ta ji."

Na ce, "Na ji."

Ba wanda ya musa. Ɗan dagaci, wanda ya danna hoton ƙarshe, yanzu kurma ne, yana tambayar 'yarsa me aka ce. Matar da ta yi kuka a makaranta ta rasu tuni. Gonzo yana gidan tsofaffi bai san sunansa ba. Wani mutum mai kimanin shekara hamsin ya ce cikin ladabi, "Wace kyamara ke nan, Kaka?" Jikar dagaci ta taso ta riƙe mata gwiwar hannu.

"Ayya, Kaka Mai Shanya, ashe labari ne da sunan! Mu mun zaci don kina son wanki ne. Zauna kada ki gaji."

Suka ɗan tafa mata, irin tafin da ake yi wa tsohuwa in ta yi waƙa. Aka kawo miya.

A motar komawa ta cire takalman da suka matse ta, ta riƙe su a cinya. Sannan ta juyo ta dube ni.

"Yaya, ba zan ƙara zuwa ba."

"Ai da tuni."

"In na mutu kada a kai ni kaburburan bakin dam. A mayar da ni garinmu, kusa da ubana. Na gaya wa Norie, ke ma ki riƙe."

Ba ta ƙara zuwa ba. Ta rasu a bazarar da ta wuce, cikin barci, gidanta tsaf. Na tuna wa Norie abin da uwarta ta ce. Ta ce ta sani, amma garin da nisa, dangin can duk sun ƙare, ba wanda zai riƙa share kabarin, ga wuri kuma a shirye a kabarin gidan ubanta. Ta yi maganar cikin hankali, kuma ba zan ce ba ta da hujja ba. Aka ƙone gawar kamar yadda ake yi yanzu, aka sa tokar Tsuyako a ƙarƙashin dutse ɗaya da Tomeji da Okei, a kan tudun da ke kallon ruwan. Ban je ba. Na ce gwiwata ce.